Jakunkunan Wasu

Ni ne Wilfirido, mai alfadara a ƙofar gandun Tairona,
shekara goma sha ɗaya ina dakon jakunkunan wasu.
Kafin baƙo ya buɗe baki na gama karanta shi:
jaka ba ta ƙarya, sai dai mai ita.

Ga mai tukunya da murhu da littattafai uku,
kwana biyu zai yi, ya yo guzurin shekara.
Ga 'yar Bogota, fatarta ba ta san rana ba,
ta ce kayanta ita za ta goya.
Na ce to. Na bi bayanta sannu sannu,
don na san hawan da ke karya alkawari.
A tudu na biyu ta zube kan wata saiwa,
gumi na ɗiga a haɓarta kamar rufi mai yoyo,
ta miƙo jakar ba ta dube ni ba.
Kanela ta kaɗa kunne. Ita ma ta sani.

In an yi ruwa, laka har ƙwauri.
Tururuwa na tsallaka hanya da ganye a ka,
'yan dako irina, ba mai biyansu ko sisi.
Biri na kururuwa can sama kamar ana binsa bashi.
Mutanen Kogi kan gifta cikin fararen kaya,
ƙafa ba takalmi, jakar saƙa a kafaɗa,
ba haki, ba waiwaye.
Ba su taɓa tambayar kuɗin alfadarata ba.

Teku kuwa, kunne ke fara ganinsa.
Sai daji ya tsage, duwatsu kamar giwaye a kwance,
baƙi su yar da takalma su ruga da ihu,
ni in kwance igiya, in ƙirga canji, in juya.

Wata Talata, ruwan sama ya kore baƙi,
mahaifiyata Ermelinda ta ce: Kai ni.
Shekara hamsin rabonta da wannan yashi,
tun ubanta na shanya taru a nan.
Ta ɗauko jakar da wani Bajamushe ya manta,
ta zuba shinkafar kwakwa, soyayyen kifi, lemon tsami biyu,
ta goya ta kamar jika, ta ƙi hawa Kanela.
A bakin ƙofa aka ɗaura mata zare mai launi a hannu.
Ta juya shi, ta sake juyawa,
ta ce: Ashe yau ni ce baƙuwa.

Tafiyar awa biyu ta ci mana huɗu.
Ba gajiya ba ce, gaisuwa ce:
wannan mangwaron ƙanena ya faɗo daga kansa,
a wancan rafin muka wanke gawar kakata.
Hanyar da na taka sau dubu
ashe ban taɓa bin ta ba.

Da muka isa ba ta ko kalli ruwan ba.
Ta ratsa tsakanin ragogin kwana,
samari na lilo, ƙafafu duk cizon sauro,
ta durƙusa gindin wani dutse, ta tone yashi da hannu
har yatsanta ya faɗa cikin wani santsin rami:
Nan yake wasa wuƙa.
Shi ke nan abin da ta faɗa.
Muka ci kifin a wurin, ta ba wani baƙo kai,
ya rasa yadda ake cinsa, ta yi dariya har da hawaye.

A dawowa ta yarda ta hau.
Ta yi barci a zaune, zaren na hannunta,
Kanela na taka laka kamar mai ɗauke da ƙwai.
Ni na goya jakar.
Ba komai ciki sai kwano da ɓawon lemo,
amma har ƙofa ina sauya kafaɗa,
na kasa karanta ta.