Maɓalli Na Uku

Matakala goma sha huɗu zuwa ƙasa.
Ban ƙirga ba, gwiwata ce ta ƙirga.
A sama Gilasgo na tsiyayar ruwanta na kullum,
a ƙasa ɗaki ne mai cin mutum tamanin in an matsa,
an kuwa matsa.

Lachlan, ɗan ƙanwata, shi ya jawo ni.
"Kawu, wata goma sha ɗaya kana hira da rediyo."
A bakin ƙofa wata mai zobe a hanci
ta buga mini hatimi a bayan hannu
kamar wasiƙar da ba a san inda za ta ba.

Daɓe na kama takalmi, rufi na ɗigar gumi.
Aka ɗauke wuta.

Sai ga mutum huɗu, fuska fari fat,
ɗauke da akwatin gawa na kwali.
Mai ganga da ƙahon barewa a ka,
mai jita cikin rigar likitan tiyata.
Akwatin ya maƙale a ƙofa.
Wani daga baya ya ce, "Ku karkata shi mana!"
Aka tuntsure da dariya, aka karkata mamaci.

Jita ta fara kamar ana yanka kwano da zarto,
ganga ta shigo mini ta haƙarƙari.
Shekara talatin ina tuƙa bas a birnin nan,
ban taɓa zama kan inji irin wannan ba.

Murfi ya buɗe. Ta miƙe.
"Rhona ke nan," in ji Lachlan cikin kunnena,
"da rana burodi take sayarwa."
Leɓe baƙi wuluk, kambin cokula a kai,
da koren kwat har gwiwa.

Kore irin na gansakuka.
Maɓallai ruwan ƙasa,
na ukun baƙi.

Ni na ɗinka shi,
da zaren da bai dace ba, a teburin kicin.
Morag ta duba ta ce, "Ɗinkin makaho,"
ta kuma sa abinta shekara shida.
Ni na kai shi shagon gwanjo a watan Maris
cikin baƙar leda,
ban tsaya an gode mini ba.

Kwat ɗin da bai san ko'ina ba
sai kasuwa, ɗakin karatu, da layin asibiti,
ga shi ya hau kan lasifika,
yana juyi, yana buɗe fiffike.
Yarinyar ta mutu sau uku a gabanmu,
sau uku ta tashi tana ihu,
ta watsa mana garin fulawa a madadin toka.
Yara na tsalle, wani ya taka ni, ya ba ni haƙuri.

Can ta zura hannu a aljihun hagu.
Na san abin da za ta tarar.
Hujin nan ya ci makullanmu biyu.
Yatsunta suka ɓullo ta ƙasa,
ta kalle su, ta ɗaga mana su, suna gaisuwa.

Wani sauti ya kuɓuce mini.
Ko dariya ce ko ɗaya abin,
ganga ta rufa mini asiri.

Da aka tashi, na same ta bayan wani ɗan tebur
tana sayar da riguna, kwalliya ta narke har wuya.
Na sayi ɗaya da ba za ta shige ni ba.
Na ce, "Kwat ɗin ya karɓe ki."
Ta ce, "Fam takwas!
Amma wanda ya ɗinka maɓallin nan ba ya gani."
Na ce, "Haka aka ce."

Goma sha huɗu zuwa sama.
Ruwa bai ɗauke ba.
Kunnena na ta ƙugi har gida,
ban kunna rediyo ba.