Muryar da Aka Kawo Gyara

Ran da ya fara zuwa rumfata a Nima
ruwan Yuni ya cika kwata har baki.
Ya shigo da lema da jakar leda,
cikinta kaset goma sha bakwai,
zarensu ya cukurkuɗe kamar hanjin kaza.

Ya ce sunansa Gobindan Kutti.
Yaran layinmu suka rage masa nauyi: Baba Kuti.
'Yarsa na ba da magani a wani asibiti a Osu,
ita ta ɗauko shi daga Kerala
da hawan jini, da akwatin littattafai.

Da biro na naɗe kaset na farko,
inda ya tsinke na liƙe da jan farce.
Na danna.
Wani saurayi ya yi gyaran murya,
ya fara zuba wani yare mai mirginawa
kamar an ɓarar da gurjiya a kan rufin kwano.
Tsohon ya dafa ƙirjinsa.
Malayalam ne, in ji shi, kuma ni ne.

Shekara talatin da ɗaya yana tada garinsu da asuba:
farashin kwakwa,
gargaɗi ga masunta kada su shiga teku,
ran Lahadi wasan kwaikwayo.
Shi ya rubuta, shi ne surukin, shi ne ɓarawon,
shi ne ma kofaton doki, da ɓawon kwakwa biyu.
Littafi tara ya wallafa.
Na shida ya ja masa zama ba ƙarin girma,
don shugaban tashar ya gane kansa
a jikin wani bunsuru mai tabarau.
Ya yi dariya har sai da na miƙa masa ruwa.

Turancinmu guragu biyu ne masu jingina da juna.
Da shi na gaya masa
babana ya yi fataucin goro bai san bihim ba,
rediyo ce jaridarsa,
da ita a kunne ya cika.
Baba Kuti ya yi shiru, ya sayi ƙosai, ya raba mana.

Kaset ɗaya kowace Laraba.
Da gangan nake jan aikin, ya sani,
bai taɓa cewa in yi sauri ba.

Na sha bakwai 'yar ce ta zo karɓa.
Ba ta zauna ba.
Ta juya shi a hannu, ta mayar kan tebur,
ta ce gidansu ba abin da ke cin kaset.

Yanzu in an kawo wuta nakan sa shi.
Lantana mai koko ta daina cewa in rage.
Ko kalma ɗaya ban sani ba,
amma na san inda yake shan numfashi,
na san inda takarda ke motsi a hannunsa,
na san inda yake roƙon masunta su dawo.
A nan nakan ajiye sukundireba
in leƙa sama ta wajen Jamestown.