Kaka a Weobley

Yau raɓa ta riga ni fita.
Na tarar ta kwana a kan igiyar shanya,
rigar Binyaminu da na manta jiya
ta yi nauyi kamar an tsamo ta daga rafi.
Satumba bai cika mako biyu ba,
amma tafin ƙafata ya riga ya ji labari.

A watan Yuni mukan yi ta jiran Isha
har barci ya sace yara a kan kujera.
Yanzu Magariba sauri take kamar mai bin bashi,
kafin in tsame hannu daga wanke-wanke ta yi sallama.

Bayan shingenmu tsoho Gwilym Probert
ya naɗe ciyawarsa dami-dami,
ya sa mata baƙar leda, ya jera a bakin hanya.
Ba ya doguwar gaisuwa.
Yatsa ɗaya yake ɗagawa daga kan sitiyarin tarakta.
Sai da na shekara uku na gane
a cikin yatsan nan akwai ina kwana,
akwai ina gajiya, har da yaya iyali.

Tuffa na faɗowa cikin dare, tim, tim, kan rufin rumfa.
Matarsa Nesta ta aiko da kwando cike,
na mayar da shi da dambun nama a ciki,
ƙwarya ai ƙwarya take bi.
Ta ce yajin ya sa ta hawaye.
Ta ce a ƙaro.

Yakuwar da na shuka a ɗakin gilashi
ta yi tsawo, ta yi ganye, ta ƙi fure.
Kuɓewa bakwai na samu bana,
na ƙirga sau biyu, bakwai ɗin dai.
Tumatir kuwa ya yi yawa har ya zama magana.
Na yanka, na baza a faranti zan yi kauɗa,
ranar garin nan ta leƙo, ta duba, ta koma.
Tanda ce ta ƙarasa aikin da ta gudu ta bari.

Tsattsewa sun yi sahu kan wayar lantarki,
suna ta shawara, ba mai sauraron wani.
Hasiya ta dawo makaranta da taɓo har gwiwa,
ta ce malamarsu ta ce Afirka za su.
Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsu.
In hanya ta bi da ku ta Malumfashi,
gidan da ke da bishiyar ɗinya a ƙofa,
ku ce lafiya muke, sai sanyi.
Kada ku faɗi zancen kuɓewa.

Da dare Hasiya ta tambaye ni,
bakinta baƙi da 'ya'yan ƙayar bakin hanya:
me ya sa lokacin nan da Hajja sunansu ɗaya?
Na ce kaka kaka ce,
duk biyun da hannu cike suke zuwa,
duk biyun da wuri suke kwanciya.
Sauran amsar na haɗiye ta.

Babansu ya jera itace a jikin bango,
ya ja baya, ya auna da ido, ya ce zai kai Maris.
Bara ma haka ya ce.
Gizo-gizo sun fara shigowa ba sallama,
bargo ya sauko daga saman kabad yana warin ajiya.

Na hura wutar farko.
Hayaƙin ya yi gardama, sannan ya sami hanya.
Itacen baƙo ne, ban san sunansa ba,
amma da ƙamshin ya taso
sai na ji kamar za a kira ni in kawo muciya.

Rigar Binyaminu na bushewa kusa da murhu.
A waje wata tuffar ta sake faɗowa.