Kwana Uku a Bakin Teku

Shekara talatin da ɗaya Malam Shu'aibu yana zana teku
a allon wata sakandare a Tudun Wada,
da shuɗin alli in an samu, da fari in babu.
Yara sun ci jarrabawa da tekunsa.
Shi kuwa babban ruwan da ya sani
Galma ce, shekarar da ta cika ta cinye gonakin rake.

Da kuɗin sallama suka fito, bayan an gama ja mana rai,
Rumasa'u ta turo hoto:
"Inna, ku duba. Zanzibar. Haya ce, ta kwana bakwai."

Muka duba. Daren babu wuta a Gyallesu,
kai biyu a kan waya ɗaya, tabarau ɗaya muna karɓa-karɓa.
Farin ɗaki, rufin kaba, gado da gidan sauro,
daga dokin ƙofa sai yashi,
daga yashi sai abin nan da ba shi da tsallake.
Malam ya sa yatsa biyu yana buɗa hoton
har ruwan ya dushe.
Ya ce, "Ashe ƙarami na riƙa zana musu."

Ni tambayoyina daban ne.
Na sa aka rubuta wa mai gidan, wata Mwanaisha:
Ina alƙibla? Akwai buta?
Za a bar ni in tuƙa tuwona, ko sai kifi da kwakwa safe da dare?
In ruwan ya yi fushi muna barci, wa ake kira?
Ta amsa da murya, tana dariya, Rumasa'u ta fassara:
wai yakan janye, ya bar kwale-kwale kwance a yashi kamar shanu,
ya kuma dawo a kan lokacinsa, bai taɓa saɓa alkawari ba.
Na ce, to ya fi ofishin fansho.

Sai lissafi.
Da dala ake biya. Ran Litinin kwana bakwai ne a hannunmu.
Kafin Jazuli mai shago a Kwangila ya samo katin da zai wuce
Alhamis ta yi, canji ya ci kwana biyu.
Ga kuɗin shara, ga na ajiya ko za mu fasa musu kofi,
ga wani da ba a raɗa masa suna ba.
Jirgi ya haɗiye kwana guda.
Maganin gwiwa ya ɗauki guda.
Saura uku.

Na ce mu haƙura. Ɗakin baya na yoyo,
in ruwa yake so, ga shi nan har gado yake samunmu a Agusta.
Bai yi dariya ba.
Ya goge tabarau da bakin riga, ya danna.

Rasit ɗin yana cikin tsohon littafinsa na taswira,
a shafin da ya fi sauran dauɗar yatsa.

Saura wata biyu.
Yanzu kullum bayan la'asar sai ya ɗauki sanda ya fita,
ba ya cewa ina.
Jiya na bi shi har Samaru, bakin dam ɗin Kubanni.
Na same shi wando naɗe zuwa gwiwa, takalma a hammata,
tsaye cikin laka,
ya kanne ido ɗaya, ya tare tsallaken da tafin hannu
don kada ya ga itatuwan can.

Na ce, "Malam, lafiya?"
Ya ce, "Gwaji nake.
Kada in je in ji kunya a gaban abin da na koyar."

Wani yaro mai kamun kifi yana ta kallonmu.
Na ajiye jaka a kan ciyawa,
na tuɓe nawa takalman.
Ruwan da sanyi, kuma bai da gishiri ko kaɗan,
na ɗanɗana.