Mai Riƙe da Sandar Awo

Akwati na sha bakwai ya iso teburina
ran Talata, ana tsuga ruwa a Onikan.
Na ɗaga murfi, wari ya tarbe ni.
Fumfuna ta riga ni duba hotunan,
ta fara ci daga gefe, kamar mai cin waina da zafi.

Ɗari biyu da sittin da uku.
Ganuwar da ta gaji da tsayuwa ta zauna,
bakin rijiya, tsingaro jere a tabarma,
tukunya rabi a ƙasa, rabi a duniya.
A bayan kowanne fensir ya ce "Arewa",
sai ka ce Arewa ɗaki ɗaya ce da tsakar gida.

Madam Morenikeji ta leƙo ta saman tabarau:
"Lamba, wuri, shekara, Ladidi.
Kufai ya san shekarunsa, masu haƙa sun auna.
Hoton ne maraya."

Sai na koyi yi wa bebe tambaya.
Kaurin takarda. Hatimin mai wanki da ya koɗe.
Hancin wata mota da ya kutso ta kusurwa.
Gawo ya tuɓe ganye, ke nan damina ce.
Kukar nan rassa uku gare ta a hoto na arba'in,
a na ɗari da tara saura biyu,
to na san wa, na san ƙane.

Amma akwai wani mutum.
Sau talatin da ɗaya na same shi
tsaye a gindin bango, riƙe da sandar awo
mai zanen fari da baƙi.
Ba don shi aka ɗauka ba.
An tsayar da shi ne don a san tsayin gini.
Har tsingaro an raɗa wa lamba,
shi ko harafi bai samu ba.

Da gemunsa na jera shekaru:
nan baƙi wuluk, nan furfura ta yi sallama,
nan ta shigo ta baje kaya.
A na ƙarshe ya ɗan karkato hannu
don agogo ya fito.

Asabar na shiga danfo da kwafi a jaka,
ruwa har idon sawu a Oshodi.
A Agege mai nama ya gane dutsen,
ya tura ni rumfar goro,
wurin Alhaji Mantau, wanda bai ci sunansa ba.
Ya kai hoton kusa da hanci, ya nisanta,
ya yi shiru har ƙuda ya sauka a huhun goro.

"Nomau ne. Maƙwabcinmu.
Agogon nan, shekarar da aka bar fam aka kama naira ya saya,
don bai yarda takardar za ta kwana ba.
Bai iya duba lokaci ba.
In ka tambaye shi, sai ya miƙo maka hannu."

Litinin na koma.
Madam ta ce shaidar baki tana tafe da alamar tambaya,
haka ƙa'ida take.
Na buga: wajen 1973, na rataya mata ƙugiyarta.
Fom ɗin yana da gurbin ƙasa, gurbin dutse,
gurbin wanda ya danna kyamara.
Babu gurbin wanda ya tsaya a rana.

Ina cikin neman inda zan cusa shi aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Na jawo hoton kusa da taga,
hasken da ya tsallako lagun ya ishe ni.
A ƙarƙashin "Arewa", da fensir mai laushi,
na rubuta Nomau,
ban sa masa alamar tambaya ba.

Saura talatin.
Na fiƙe fensir.