Direban da Ba Ya Tuƙi

A kan tudun Barón, a Valparaíso,
inda gidaje ke riƙe da juna kada su zame cikin teku,
kakana Eleuterio ya ɗora kwamfutarsa kan teburin cin abinci.
Ta girmi ƙanwata da shekara biyu.
Fankarta na tari irin nasa na asuba.

Ranar Asabar muka wanke mata ciki, muka zuba sabon tsari.
Ta farka tas, amma kurma.
An soka waya, fitila ko ƙiftawa.
A jerin kayan cikinta ga wata alama rawaya:
na'urar da ba a sani ba.
Kaka ya ce, "Shekara sha bakwai muna tare,
yau ne ba ta san kanta ba?"

Na ce direba take nema.
Ya yi dariya har tabarau ya zamo masa kan hanci.
"Direba? Ina za ta?"

Ga inda gizo ke saƙa:
direban na cikin intanet,
intanet kuwa sai da direban.
Makulli a ɗaki, ɗaki a kulle.

Na kwafi lambar katin a bayan rasidin burodi,
na sauka matakala ɗari da tamanin
zuwa shagon Fresia mai gyaran waya.
Kamfanin da ya ƙera katin an sayar da shi sau biyu,
shafinsa ya zama kufai.
Wasu shafukan na ta daga mini manyan maɓallai kore.
Fresia ta buge mini hannu:
"Zuma a sama, maɗaci a ƙasa."
Can ƙarƙashin wata tsohuwar ma'ajiya muka tono shi,
ɗan mitsitsi, bai kai nauyin hoto guda ba.

Na hau da filashi a aljihu.
Ba shi ba ne.
Na sittin da huɗu na ɗauko, ita ta talatin da biyu ce.
Na sake sauka. Gwiwoyina suka fara ƙorafi.

Da almuru, jiragen ruwa sun kunna fitilunsu,
sandar da ke allo ta cika sannu,
ta cije a casa'in da tara.
Kaka na riƙe da shayi, bai kurɓa ba.

Sai ɗan koren haske ya ƙifta a bayan akwatin.

Bai ce na gode ba.
Ya ja kujera,
da yatsa ɗaya ya lalubo sunan ƙanensa da ke Malmö,
ya ce, "Matsa, Ximena, kina tare mini haske."