Rabin Madubi

Aikin farko wanki ne.
Barau ya ce gilashi ba ya yafe wa yatsa:
taɓa shi sau ɗaya, ya tona ka
a gaban duk wanda ya zo duba fuskarsa.
Muka wanke da sabulu, muka bi da ruwa mai warin asibiti,
muka riƙe shi ta gefe kamar kwano mai zafi.

Tukunyar, a Panteka aka ƙera mana ita
daga tsohuwar tukunyar gas,
aka huda mata taga guda, faɗin tafin jariri.
Azurfar kuwa awarwaron Inna ne.
Shekara uku yana kwance a gwangwanin alewa
tun ranar da aka zare shi daga hannunta.
Maƙerin farfaru a Tudun Wada ya narka shi,
ya buge shi ya koma faifai,
bai tambaye ni na wa ne ba.

Famfo ya kama tari yana zuƙe iska.
Ashe wofi ma sai an sha wuya ake samunsa:
awa biyu muna zaune kan benci, muna ɓare gyaɗa,
muna jiran tukunya ta cika da babu.

Sai Barau ya murɗa kan iskar agon,
kaɗan, kamar mai ɗiga magani a ido,
ya ɗaga makunni.

Na leƙa.
Wuta ce shunayya, ba harshe, ba hayaƙi, ba toka,
ta yi zobe a kan faifan ta tsaya.
Ya ce a cikin hasken nan ana jifa,
ƙanana suna dukan azurfa, tana ɓantarewa zarra-zarra,
tana tashi tana kama gilashi
yadda tururin tuwo ke kama marfi.
Ban ga jifa ba. Na dai ga gilashi yana dusashewa,
yana koyon rufe ido.

Nan Nepa ta ɗauke.

Famfo ya yi ajiyar zuciya. Janareto ba mai.
Can nesa wani yana dukan langa-langa,
ruwan Agusta ya soma ƙwanƙwasa kwano.

Da muka buɗe, na ɗaga shi tsakaninmu:
ga goshina, ga gemun Barau a ƙarƙashinsa,
idona ɗaya nawa, ɗaya nasa.
Ya ce ya lalace, gobe mu kankare mu sake,
azurfar za ta isa.

Ban bari ba.
Na naɗe shi a jarida na hau Keke Napep da shi a cinya,
na kafa shi a tagar ɗakinta.
Da rana yaran layi na tsayawa su gyara hula,
ba su san ina kallonsu ba.
Da dare, in na kunna fitila,
titi ya ɓace,
sai ni, da gadon ƙarfe a bayana,
da siririn abin da ya rage na hannunta
yana riƙe da fuskata.